Zari-ruga: Ina iyakar ihun da magoya baya ke yi wa ƙungiyarsu?

Yi wa 'yan wasa ihu tsohuwar ɗabi'a ce a filayen wasan zari-ruga na 'yan wasa 13, wanda ake kira rugby league, musamman a arewacin Ingila da gabashin Ostireliya, inda wasan ya fi karɓuwa.

Ba a cika ta da jijiyar wuya ba idan ihun ya faɗa kan abokan hamayya. Inda ake samun saɓanin ra'ayi shi ne lokacin da magoya baya suka juya wa ƙungiyarsu, suka yi mata ature a filinta na gida.

Babu wata doka ta hukumomin wasan da ta hana hakan. Abubuwan da aka haramta su ne jifa, da kutsawa cikin fili, da cin zarafi saboda launin fata ko addini, da kuma barazana ga lafiyar wani.

Tsakanin waɗannan biyun akwai fage mai faɗi, wanda al'ada ce kawai ke iko da shi, kuma a nan ne muhawarar take.

Asalin wasan da masu kallonsa

An kafa wasan ne a ranar 29 ga watan Agustan 1895, lokacin da ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar, bayan wani taro da aka yi a otal ɗin George da ke garin Huddersfield.

Musabbabin ɓallewar shi ne kuɗi. Akasarin 'yan wasan arewa masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙu, waɗanda ke asarar ladan aikinsu duk ranar Asabar da suka je wasa. Ƙungiyoyinsu sun nemi a ba su damar biyan su diyya, hukumar kuma ta ƙi.

Tun daga nan wasan ya dogara da kuɗin shiga da 'yan kallo ke biya a ƙofa. A 1906 aka rage yawan 'yan wasa daga 15 zuwa 13 domin wasan ya ƙara sauri, ya kuma ƙara jan hankalin masu biyan kuɗin.

Ƙungiyoyin sun tashi ne a matsayin na garuruwa, irin su Wigan da St Helens da Castleford da Hull. Featherstone, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal, ya ci kofin Challenge har sau uku, a 1967 da 1973 da 1983.

Haka lamarin yake a Ostireliya, inda aka fara gasar birnin Sydney a 1908 da ƙungiyoyin unguwannin ma'aikata kamar South Sydney da Balmain da Newtown.

Wannan tarihi ne ya sa magoya bayan wasan ke ɗaukar ƙungiya a matsayin mallakinsu, ko da kuwa wani attajiri ne ke riƙe da takardunta. A ganinsu ɗan wasa da koci baƙi ne masu wucewa, su kuwa a nan aka haife su.

An ga ƙarfin wannan tunani a watan Nuwamban 2000, lokacin da mutane kimanin 80,000 suka yi maci a titunan Sydney domin neman a mayar da South Sydney cikin gasar NRL, wadda aka cire ta daga ciki a ƙarshen 1999. Ƙungiyar ta yi nasara a kotu a 2001, ta kuma koma gasar a 2002.

Yadda ake zama a fili

Wasan ya daɗe yana alfahari da cewa na iyali ne. A mafi yawan wasanni ba a raba magoya bayan ɓangarori biyu da shingen 'yan sanda kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa na Ingila.

A wasan ƙarshe na kofin Challenge, wanda aka fara kai wa filin Wembley na London a 1929, akan ga mutane sanye da rigunan ƙungiyoyin da ba su ma cikin wasan, suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Sai dai hakan ba ya nufin ana zaman shiru. A wasu filayen ɗaya nau'in zari-rugan mai 'yan wasa 15, kamar Thomond Park na ƙasar Ireland, akan yi tsit idan ɗan wasa zai buga ƙwallo tsakanin sanduna. A nau'in 'yan wasa 13 kuwa, mai bugun kan sha ihu da fito, kuma kowa ya ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na wasan.

Tsarin wasan ma yana da hannu a irin fushin da 'yan kallo ke nunawa. Ana yin minti 80, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da 'yan wasanta har sau shida kafin ƙwallon ta koma hannun abokan hamayya.

Duk lokacin da aka kayar da mutum, masu tsaron gida sai sun ja da baya mita 10, su jeru, sannan su sake tasowa. Ɗan wasan da ya yi nawa wajen komawa layi, ko ya kauce wa karo, kowa a filin zai gan shi.

Saboda haka ne masu sharhi ke cewa ba kayen da aka sha ba ne ya fi jawo ihu. Abin da ya fi jawo shi shi ne zargin cewa 'yan wasa ba su ba da ƙarfinsu ba.

Lokutan da aka yi wa 'yan gida ihu

A watan Yunin 2020, magoya bayan Brisbane Broncos sun yi wa 'yan wasansu ihu a lokacin tafiya hutun rabin lokaci a filin Suncorp, a wasan da Gold Coast Titans ta doke su da ci 30 da 12.

Ƙungiyar, wadda ke cikin mafiya arziki a Ostireliya, ta ƙare kakar a matsayi na ƙarshe, karo na farko tun shigarta gasar a 1988. Kocinta Anthony Seibold ya bar aiki a watan Agusta, kafin kakar ta ƙare.

A al'adar wasan, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe akan ce ta ci cokalin katako. A ƙarshen wannan kaka an wayi gari an watsa cokulan katako a filin atisayen Broncos.

A watan Afrilun 2021 kuma, Wests Tigers ta karɓi baƙuncin North Queensland Cowboys a filin Leichhardt Oval na Sydney, kwanaki kaɗan bayan mutuwar Tommy Raudonikis, tsohon ɗan wasan da ya yi suna wajen jajircewa, wanda aka keɓe ranar domin tunawa da shi.

An tafi hutu Cowboys na da maki 28, Tigers na da 6, lamarin da ya sa filin ya ɗauki ihu. Tigers ta farfaɗo bayan hutu, amma duk da haka ta sha kaye da ci 34 da 30.

Misalin da ya fi ta da ƙura a baya-bayan nan shi ne na Newcastle Knights a watan Yunin 2025. Manly ce ke gaba da ci 16 da nema a rabin farko, kuma ba shi ne karon farko a kakar da Knights ta tafi hutu ba ta da ko maki ɗaya ba.

Magoya bayan sun raka 'yan wasansu ɗaki da ihu. Bayan an dawo Knights ta rama, ta kuma yi nasara da ci 26 da 22 a ƙarin lokaci.

A taron manema labarai, koci Adam O'Brien ya ce waɗanda suka yi ihun ba su san komai game da wasan ba. Washegari ya fito ya nemi afuwarsu.

Abin da ya sa kalaman suka yi zafi shi ne tarihin magoya bayan Newcastle, birnin da ya ginu a kan kwal da ƙarafa. Ƙungiyar ta zo ta ƙarshe shekaru uku a jere, daga 2015 zuwa 2017, kuma a 2016 wasa ɗaya tak ta ci, amma dubban mutane suka ci gaba da zuwa filin.

Knights ta sake ƙare kakar 2025 a matsayi na ƙarshe, O'Brien kuma ya bar ƙungiyar.

Hujjojin ɓangarori biyu

Masu goyon bayan ihun na cewa wanda ya biya kuɗin shiga, ya sayi riga, ya yi tafiya mai nisa, yana da haƙƙin ya bayyana rashin jin daɗinsa. A cewarsu 'yan wasan ƙwararru ne da ake biya albashi mai tsoka, waɗanda ke karɓar tafi idan sun yi abin kirki.

Suna kuma cewa ihu ne kaɗai saƙon da ke isa kunnen shugabannin ƙungiya nan take, domin ana jin sa a talabijin, 'yan jarida kuma za su yi tambaya a kai.

Wata hujjar tasu ita ce mai ihu bai yanke ƙauna ba tukuna. Abin da ya fi ba shugabanni tsoro shi ne ranar da mutane za su daina zuwa gaba ɗaya.

Masu adawa da ɗabi'ar kuwa na ganin sunan magoya baya ya rataya musu wani nauyi, wato tsayawa da ƙungiya a lokacin da take cikin tsanani.

Suna nuni da cewa zari-ruga wasa ne na karo da jiki, inda karaya da buguwar kai ba baƙin abu ba ne, kuma sau da dama ɗan wasan da ake zargi da lalaci yana ɗauke da raunin da 'yan kallo ba su san da shi ba.

Haka kuma suna cewa idan raunuka suka yi wa ƙungiya yawa, matasa ne sabbin shiga ake turawa fili, kuma su ne ihun ke karya wa gwiwa, alhali ba su ne suka tsara sayen 'yan wasa ko suka naɗa koci ba.

Wasan Newcastle bai raba gardamar ba. Wasu sun ce ihun ne ya zaburar da 'yan wasan, wasu kuma suka ce nasarar ta nuna an yi gaggawar yanke musu hukunci.

Akwai dai wani bambanci da akasarin masu sharhi suka yarda da shi. Yi wa ƙungiya baki ɗaya ihu a lokacin hutu ko bayan an tashi, ana yi masa kallon hukunci a kan wasan ranar. Ware mutum guda ana bin sa da ihu duk lokacin da ya taɓa ƙwallo, wannan an fi ɗaukar sa a matsayin cin fuska.

Ihu ga mutum guda

A shekarun 1980, Wally Lewis na jihar Queensland ya sha ihu daga 'yan kallon Sydney, har a lokutan da yake sanye da rigar ƙasar Ostireliya, wadda ya yi wa kyaftin.

Dalili shi ne hamayyar jihohin Queensland da New South Wales a gasar State of Origin, wadda aka fara a 1980. Mutumin da ya addabi jiharsu a watan jiya, bai zama nasu ba don kawai ya canza riga.

Wanda ya bar ƙungiya ma ba ya tsira. Sonny Bill Williams na New Zealand ya fice daga Canterbury Bulldogs ana tsakiyar kakar 2008, ya koma ƙungiyar Toulon ta Faransa. Da ya dawo gasar NRL a 2013 tare da Sydney Roosters, tsoffin masoyansa sun tarbe shi da ihu.

Hatsarin irin wannan ihun ya fito fili ne a wani wasan na daban, wato ƙwallon gargajiyar Ostireliya ta AFL, inda Adam Goodes, ɗan asalin ƙabilun Aborijin, ya yi ta shan ihu mako bayan mako, har ya yi ritaya a 2015. Hukumar AFL ta nemi afuwarsa a 2019 saboda gazawarta wajen kare shi.

Inda aka wuce gona da iri

A wasa na biyu na State of Origin na 1988 a filin Lang Park na Brisbane, alƙalin wasa ya fitar da Wally Lewis na ɗan lokaci. 'Yan kallo suka yi ta ruwan gwangwanayen giya cikin fili, har sai da aka dakatar da wasan aka kwashe su.

A watan Maris na 2000, bayan Leeds ta fitar da Hull a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Challenge a Huddersfield, wasu magoya bayan Hull sun kutsa cikin fili suka karya sandunan da ake buga ƙwallo. An nuna lamarin kai tsaye a talabijin, kuma hukumar wasan ta Ingila, RFL, ta ci tarar ƙungiyar.

A watan Afrilun 2015 a Sydney, alƙali ya ba South Sydney bugun da ta ci Canterbury da shi 18 da 17 ana dab da tashi. Wasu 'yan kallo suka jefi alƙalan da kwalabe a hanyarsu ta fita, har wani jami'in wasa ya ji rauni a kafaɗa aka kai shi asibiti.

A watan Maris na 2016, faɗa ya kaure a sashen magoya bayan Salford bayan wasansu da Huddersfield, abin da ya sa 'yan wasan Salford biyu, Justin Carney da Junior Sa'u, suka tsallaka cikin 'yan kallo, inda iyalan 'yan wasa suke.

Alƙalai kan fi kowa ɗanɗana kuɗarsu. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2017 a Auckland, Ingila ta doke Tonga da ci 20 da 18, bayan alƙali Matt Cecchin ya ƙi amincewa da wani ci na Tonga a daƙiƙun ƙarshe.

A 2018 Cecchin ya bayyana cewa ya fuskanci barazanar kisa saboda wannan hukunci.

Wariyar launin fata

Wasan yana da tarihin bai wa baƙaƙen fata dama tun da wuri. Clive Sullivan ne ya jagoranci tawagar Birtaniya da ta ci kofin duniya a 1972, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin wata tawagar Birtaniya a wasanni.

Duk da haka ba a rasa masu ɓata rawarsu da tsalle a cikin 'yan kallo ba. Martin Offiah, wanda aka haifa a London, iyayensa kuma 'yan Najeriya ne, ya sha ba da labarin zagin wariya da ya fuskanta a filaye tun lokacin da yake Widnes a ƙarshen shekarun 1980. Yana cikin 'yan wasa biyar da aka sassaƙa a mutum-mutumin da aka kafa a Wembley a 2015.

A Ostireliya, 'yan wasa 'yan asalin ƙabilun Aborijin ne suka fi fuskantar matsalar. An zagi Greg Inglis a filin Penrith a 2018, kuma hukumar NRL ta haramta wa mutum biyu shiga filaye.

A watan Agustan 2020 an fitar da wani rukunin 'yan kallo daga filin Gosford ana tsakiyar wasa, bayan Brent Naden na Penrith ya kai ƙorafin cin zarafi.

Cin zarafin ya kuma bi 'yan wasa har gida ta hanyar intanet. A 2021 'yan sandan New South Wales sun tuhumi mutum biyu da aika wa Latrell Mitchell na South Sydney saƙonnin ɓatanci, bayan shi da kansa ya miƙa saƙonnin ga hukuma.

Dokoki da hukunci

Hukumomin NRL da RFL duka suna da ƙa'idojin ɗabi'ar 'yan kallo, kuma sayen tikiti na nufin amincewa da su.

Hukuncin kan fara daga gargaɗi da fitarwa daga fili, ya kai ga soke katin zama mamba, da haramcin shiga filaye na shekaru ko na har abada. Idan abin ya kai ga duka ko barazana, 'yan sanda ne ke karɓar maganar.

A Ingila ƙungiya ce ke ɗaukar alhakin abin da magoya bayanta suka aikata, don haka tara kan faɗa a kanta ko da ba a gano mai laifin ba.

Batun giya na cikin abubuwan da ake yawan ambata. Wata dokar 1985 ta hana shan giya a inda ake hangen fili a manyan wasannin ƙwallon ƙafa na Ingila, amma dokar ba ta shafi zari-ruga ba. Wasu ƙungiyoyin sun keɓe sassan iyali da ba a shiga da ita.

Sauran hanyoyin nuna fushi

Ihu kan sauka ne a kan 'yan wasa, ko da kuwa da shugabanni ake. Wannan ya sa wasu magoya bayan suka zaɓi kai kokensu kai tsaye inda ya dace.

A 1995, lokacin da ake shirin kafa gasar Super League a Ingila, an kawo shawarar haɗe Castleford da Wakefield da Featherstone su zama ƙungiya guda. Zanga-zangar magoya baya na cikin abubuwan da suka sa aka jingine shirin.

A 2023 magoya bayan Wests Tigers sun tattara sa hannu suna neman a binciki yadda ake tafiyar da ƙungiyar, wadda ta zo ta ƙarshe shekaru biyu a jere. A watan Disamban shekarar aka rushe kwamitin gudanarwarta, babban jami'inta kuma ya ajiye aiki.

A watan Agustan 2025, magoya bayan Salford sun yi maci domin nuna adawa da masu ƙungiyar, a kakar da aka yi ta samun jinkirin biyan albashi, manyan 'yan wasa kuma suka watse. Matasan da suka rage suna shan kaye da maki masu yawa sun fi samun tafi a kan ihu. A watan Disamba kotu ta rushe kamfanin ƙungiyar saboda bashi.

Ƙaurace wa fili ma hanya ce, sai dai tana da tsada. A tsarin da aka yi amfani da shi wajen zaɓen ƙungiyoyin Super League na kakar 2025, yawan 'yan kallo na cikin abubuwan da aka ba maki, don haka kujerar da aka bari babu kowa na iya rage wa ƙungiya matsayi.

Shi ma ihun ba ya nufin an raba gari. Brisbane Broncos, wadda aka watsa wa cokulan katako a 2020, ta ci kofin NRL a watan Oktoban 2025 bayan ta doke Melbourne Storm da ci 26 da 22.

Kocin da ya kai ta ga nasarar shi ne Michael Maguire, mutumin da ke jagorantar Wests Tigers a ranar da aka yi mata ihu a Leichhardt Oval a 2021.